Yadda na taya aka ɓata sunan kifin Wudil

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san cewa a Wudil ake fara jin ƙamshin tuya. Garin yana da manyan abubuwan da ake saninsa da su. Akwai kasuwar Juma'a da kararta ta shanu, wadda fatake ke zuwa daga nesa har da Kudu. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, ga kuma makarantar horar da manyan 'yan sanda. Amma matafiyin da ba shanu ya zo saya ba, ba kuma karatu ya kawo shi ba, kogi da kifi ya sani. Ba mu da teku, ba mu da otal-otal na masu yawon buɗe ido. Baƙonmu shi ne fasinjan da direba ya tsaya da shi kusa da gada, ya sauko ya miƙe ƙafa, ya yi salla, ya sayi tsaraba. Da wannan 'yar tsayuwar gidaje da yawa ke ɗora tukunya, har da namu a Dagumawa.

Ina cikin waɗanda suka ci wannan abinci, kuma ina cikin waɗanda suka zuba masa ƙasa. Na rubuta wannan ne don na gaji da jin ana ɗora laifin raguwar cinikinmu a kan tsadar fetur da matsin rayuwa kaɗai, alhali na san abin da hannuna ya aikata.

Daga wajen kawuna na gaji sana'ar tuyar kifi. Shi da asuba yake sauka bakin kogi ya tari masunta, ya zaɓi karfasa da ragon ruwa da kurungu da idonsa, ya danna tsokar da yatsa, ya ɗaga kunnen kifin ya duba launinsa. Farashinsa ɗaya ne, ko ɗan gari ne ko baƙo, kuma ba ya sallamar mutum sai ya jefa masa gyara. Da ƙarfinsa ya ƙare rumfar ta dawo hannuna, sai na koyi wani karatu dabam a wajen sa'o'ina: karatun fasinja. Kafin mutum ya buɗe baki na riga na duba takalminsa da agogonsa da lambar motar da ya fito. In lambar Abuja ce ko ta Legas, ko na ji Hausarsa ba ta nan ba ce, sai in ninka kuɗin. In ya taya in ce albarka da fuskar wanda aka zalunta. Direba na danna ham, shi kuma yana jin kunyar komawa mota hannu rabbana, sai ya biya. A lokacin wayo nake kiran abin. Hujjata ita ce ban sa hannu a aljihun kowa ba, kuma baƙo raɓa ne, gobe ba za a gan shi ba.

Da a nan na tsaya ma da da sauƙi. Kifin kogi ya riƙa raguwa yana tsada, sai na koma sarin tarwaɗar kiwo da kifin ƙanƙara. Babu laifi a sayar da su, halak ne, mutane da yawa na ci da su cikin mutunci. Laifina shi ne rantsuwar da nake yi cewa ɗazu aka fito da shi daga ruwa. Wanda ya yi kwantai kuma ba na zubarwa. In mayar da shi kasko cikin man da ya riga ya yi baƙi ƙirin don maimaici, ya sake yin ƙyalli, in barbaɗe shi da yaji mai yawa. Manya a sama, ƙanana da karyayyu a ƙasa, in naɗe cikin takarda da sauri in ɗaure leda kafin mai saye ya leƙa. Tun ina yaro a makarantar allo na ji labarin yadda Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, da abin da ya faɗa game da algus. Ba jahilci ne ya sa ni ba. Na sani sarai.

Sai maganar kogin kansa, kuma a nan ne kunyata ta fi yawa, domin ni mai yawan surutu ne a kan gurɓatar ruwa. Abin da nake faɗa ɗin ma gaskiya ne. Ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Wudil haɗuwar koguna biyu ne, Kogin Kano da ke gangarowa daga madatsar Tiga da Kogin Challawa, waɗanda ke gamuwa a wajen Tamburawa. Kafin Challawa ya iso nan ya riga ya kwashi dagwalon masana'antun Sharaɗa da na Challawa, musamman kamfanonin jimar fata da ke aiki da sinadarin kuromiyam da gishiri da farar ƙasa. Masana daga jami'o'inmu sun daɗe suna auna wannan ruwa suna jan kunne. Masunta kuwa ba su jira awon kowa ba, su ne ke ganin canjin launin ruwa da kaka-gidan wari in rani ya tsananta ruwa ya ja baya. Duk majalisar da na zauna sai na yi wa masu kamfani tatas, in ce mutanen birni suna kashe mana kogi.

Amma kullum da magariba, bayan an tashi ciniki, akwai bokitin da yarona ke ɗauka. A cikinsa akwai kayan cikin kifi da ɓawo da jini, da ƙonannen man da ko ni na haƙura da shi, da ledoji da takardun da suka jiƙe. Yakan bi ta bayan rumfa ya gangara ya juye a gefen ruwa, 'yan taku kaɗan daga inda mata ke wanki, yara ke wanka. Washegari ƙudaje sun yi baƙi a wurin, ledoji sun maƙale a jikin ciyawa. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa ni ma ina da na ƙasa da ni ba. Wannan ruwa daga nan Jigawa ya nufa, ya bi ta Haɗeja, ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru, inda dubban manoma da makiyaya da masunta ke rayuwa da shi. Abin da nake zagin mai kamfani a kansa shi nake yi wa mutanen can, iyakar ƙarfina ne kawai bai kai nasa ba. Fasinja kuwa da ya zagaya neman wurin alwala, wannan juji ya fara gani kafin ya ga tirena.

Akwai kuma samarin da na bari suka mayar da bayan rumfata matattara. Suna sayen abinci a wajena, da dare suna duba mini kaya, don haka na kawar da kai daga kwalaben maganin tari da ƙullin da ke yawo a tsakaninsu. Ko bayan da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, abin bai ɓace ba, sauya salo ya yi. Ba su taɓa yi mini rashin kunya ba, shi ya sa na ɗauka ba ruwana. Ban lura ba cewa mata sun daina saukowa daga mota a gabana, suna miƙo kuɗi ta taga ko su haƙura gaba ɗaya.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijon direba ne, abokin kawuna, da ya yi shekara da shekaru yana tsayawa da fasinjansa a gaban rumfarmu. Na lura ya daina, in ya zo sai dai ya ɗaga hannu ya wuce. A wajen wata ta'aziyya muka haɗu, bayan an shafa fatiha na matsa kusa da shi.

Na ce, "Baba, ko na yi laifi ne? An daina ganinka."

Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ɗan nan, tunda ka tambaya zan gaya maka, don darajar kawunka. Wata baiwar Allah ta sayi kifi a wajenka, tsarabar surukarta ce da ke kwance ba lafiya a Potiskum. Ba mu kai Azare ba motar ta ɗauki wari. Da aka kwance ledar, na ƙasan duk ya lalace. Kuka ta yi, don kuɗin da ta ware ke nan. Fasinja suka yi mini ca, suka ce da bakina a ciki, ana ba ni la'ada. Ni da furfurata."

Na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu.

"Tsaya ka ji. A cikin motar nan ba wanda ya san sunanka. Ba wanda ya ce mai rumfa kaza ya cuce ta. Cewa suka yi kifin Wudil. Haka za su faɗa a gidajensu, haka na ji ana faɗa a tasha. Mu direbobi kuwa ba ma ɓoye wa juna irin wannan."

Wannan magana ce ta hana ni barci, domin kusa da ni akwai wata tsohuwa mai tuya wadda ba ta taɓa sayar da kwantai ba. In kifinta ya kwana, gida take kai wa jikoki. Da motar dattijon nan ta daina tsayawa, ita ma ta rasa cinikin, kuma ba ta san dalili ba. Har addu'ar buɗi takan yi mana tare. Na zama kamar wanda ya jefa mushe a rijiyar unguwa, shi ya huta da ɗaukarsa, kowa kuma ya rasa ruwan sha. Sunan da nake cin riba da shi ba ni na gina shi ba. Irin su kawuna da tsohuwar nan ne suka tara shi a hankali, ni na zo ina kashewa kamar gadon ubana.

Mu mutanen Kano ya kamata mu fi kowa sanin cewa wuri mai suna yana iya mutuwa. A zamanin Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar Tiga, aka yi otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa, aka yi na bakin tafkin Bagauda. Iyayenmu na ba da labarin yadda ake cika motoci a tafi can hutun ƙarshen mako da na salla, har da Turawa. Yau harabar Bagauda reshen makarantar horar da lauyoyi ce, kuma yaran yanzu da dama ba su san an taɓa zuwa can shaƙatawa ba. Cutar da ta kama waɗannan wurare rashin kulawa ce, ba irin tawa ba, amma sun nuna mini cewa ƙafar mutane in ta ɗauke daga wuri, ba ta dawowa don an yi kewa.

Ba mu kaɗai ne ke ɓata wuri da hannunmu ba. A ƙasar Filifin akwai tsibirin Boracay, wanda farin yashinsa ya sa miliyoyin baƙi ke zuwa. Otal-otal da gidajen abinci suka yi yawa, wasu suka riƙa sakin ruwan masai kai tsaye cikin tekun da baƙin ke wanka. A watan Afrilun 2018 gwamnati ta rufe tsibirin gaba ɗaya har wata 6 don a gyara. Masu kwale-kwale da 'yan talla da ma'aikatan da ba su binne bututun masai ko ɗaya ba, su ma suka zauna a gida. Amma su sun yi sa'a, domin kuɗin da wurin ke kawowa ya isa a ce gwamnati ta tsaya a kansa. Mu ba wanda zai rufe bakin gadar Wudil don ya gyara mana suna. Tun da aka ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye a 2006, duk inda aikin ya kammala mota ƙara gudu take yi, kuma akwai garuruwa a gaba da su ma ke da kasko da masallaci. Direba ba ya bukatar yin faɗa da kowa, taka totur kawai zai yi.

Abin da ya fi mini wuya shi ne neman yafiya. Dattijon direban na same shi har gida, ya ce ya yafe nasa, na matar kuwa ba shi da iko da shi. Ita da sauran da na tsuga wa kuɗi ban san sunayensu ba, ban san garuruwansu ba. Na kai maganar wajen malaminmu, ya ce haƙƙin da aka rasa mai shi, a kintata shi a yi sadaka da niyyar ladan ya je gare su, tare da tuba da barin aikin. Ina kan biya kaɗan-kaɗan, kuma ban san ranar gamawa ba, don kintacen ma na san bai kai ba. Tsohuwar maƙwabciyata na gaya mata gaskiya da bakina. Ba ta zage ni ba, ta dai yi shiru na wani lokaci, sannan ta ce Allah ya shirye mu baki ɗaya. Da zagin ta yi da ya fi mini sauƙi.

A rumfa yanzu farashi a rubuce yake a jikin allo, kowa na gani. Na kiwo ina ce masa na kiwo, na ƙanƙara ina ce masa na ƙanƙara, kuma na yi mamakin yawan masu saye duk da haka. Ba na ɗaure leda sai mai saye ya ga abin da ke ciki. Na haƙa rami nesa da ruwa don kayan ciki, ledoji kuma ana tarawa a buhu. Samarin na sallame su, ɗaya daga cikinsu da yake ɗan dangi ne sai da na zauna da mahaifinsa, zaman da bai yi wa kowannenmu daɗi ba. Ribata ta ragu sosai, ba zan ɓoye ba, kuma motocin da suka ɗauke ƙafa ba duka suka dawo ba.

Wasu abokan sana'a sun ji haushin allon, sun ce na tona musu asiri, na sa fasinja na musu gardama da farashina. Na kai shawara gaban dattawan masu tuya cewa kowa ya rubuta nasa, a haɗa kuɗi a yi ramin shara guda, a kuma sa wanda fasinja zai kai wa ƙara in an cuce shi. Maganar rami ta samu karɓuwa, an fara karo-karo. Ta farashi kuwa har yanzu ana ja, masu goyon baya ba su kai rabi ba, kuma an ɗage zaman zuwa bayan salla.