Ranar Da Muka Yi Cirko-cirko

Duk wanda yake filin wasa ranar gasar gidaje ta bana ya san abin da za mu faɗa. Ana gama tseren mita 400, wani ɗan'uwanmu na aji biyar ya tsallake layi, ya ƙara taku uku, sai ya yanke jiki ya faɗi. Kafin ka ce kwabo mun yi masa zobe. Wani ya fasa ledar fiya wata ya sheƙa masa a fuska, wani ya cire masa takalmi yana murza tafin ƙafarsa, wata ta ruga wajen mai awara neman albasa. Masu salati na yi, masu kuka na yi, har mun ji mai cewa a nemo mai ruƙiyya. Malamai na ta faɗin "ku ba shi iska, ku ba shi iska," amma su ma tsaye suke kamar mu.

Allah Ya taƙaita, suma ce kawai. Bai karya kumallo ba, ga rana ta ƙwalle. Ya buɗe ido, ya sha ruwa, washegari ma har ana tsokanarsa. To amma da muka zauna, mu 'yan kulob, don rubuta rahoton gasar, sai ɗaya daga cikinmu ta yi tambayar da ta kashe mana jiki: a cikin taron nan duka, wa ya sunkuya ya duba ko yana numfashi? Muka dubi juna. Babu. Har da mu masu riƙe da biro da takarda.

Wanda ya suma zuciyarsa na bugawa, yana numfashi, kuma yawanci yakan farfaɗo da kansa. Wanda zuciyarsa ta tsaya kuwa, a ido kamar mai suma yake, amma jini ya daina kai wa ƙwaƙwalwarsa iska. Cikin minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Yanzu ku lissafa da kanku: daga filin wasa zuwa bakin get, a tare adaidaita sahu, a ratsa cunkoso, a isa asibiti, minti nawa ke nan? Ko an kira 112, motar asibiti ba tashi sama take yi ba. Wanda ke tsaye kusa da shi a wannan lokacin, shi ne likitansa, ko ya iya ko bai iya ba.

Masu kallon ƙwallo a cikinmu sun ga wannan da idonsu. Ranar 12 ga Yuni, 2021, Christian Eriksen na Denmark ya faɗi ana tsakiyar wasa da Finland a gasar cin kofin Turai. Zuciyarsa ta tsaya. Nan take ma'aikatan lafiya suka shiga danna masa ƙirji, suka sa masa na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki, ya dawo. A 2022 sai ga shi yana buga gasar cin kofin duniya a Qatar. Iyayenmu kuma har yau suna ba da labarin Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, Najeriya na karawa da Angola, bai sake tashi ba. Shekararsa 25. Ashe ƙuruciya da ƙarfin jiki ba sa hana zuciya tsayawa.

Abin da aka yi wa Eriksen da hannu shi ake kira CPR, wato farfaɗo da zuciya da numfashi. Idan mutum ya faɗi, an kira shi an jijjiga shi bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko sai wani irin shaƙuwa yake jefi-jefi, sai a tura wani neman taimako, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita biyar zuwa shida ga babba, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Bayan danni 30 a hura masa numfashi sau biyu, a ci gaba har taimako ya iso. Hannun mai dannawa ne ke yi wa zuciya aikinta.

Kada wani ya karanta wannan a jikin bango ya ce ya iya. Mu ma da muka rubuta ba mu iya ba. Ba a koyon tuƙin keke da karatu. Zurfin santimita biyar a ƙirjin mutum ya fi yadda ake zato, har haƙarƙari kan iya tsagewa, kuma wanda bai taɓa gwadawa a jikin mutum-mutumin roba ba, tausayi zai sa ya riƙa shafawa yana ganin dannawa yake yi. Ga shi na jariri daban ne. Shi ya sa muke maganar horo na gaske, wanda mai koyarwa zai tsaya a kanka ya gyara maka hannu, ya jarraba ka, sannan ya ba ka takardar shaida. Takardar ba don ado ba ce. Ita ce za ta sa a buɗe maka hanya a cikin taro, kuma da yake yawanci bayan shekara biyu ake sabunta ta, tana tilasta wa mutum komawa ya tuna abin da ya manta.

Malamanmu, da ku muke wuni daga safe har azahar, wasu har la'asar. Iyayenmu mata da yayyenmu masu raino, ku kuka fi kowa kusa da haɗarin. Yara ba kasafai ciwon zuciya ke tsayar musu da zuciya ba, numfashi ne ke fara yankewa: ƙwayar gyaɗa ta maƙale a maƙogwaro, mai rarrafe ya kifa cikin bokitin wanki, ko damina ta cika kududdufin bayan gari yara sun tafi wanka. A unguwanninmu idan aka tsamo yaro daga ruwa, abin da muka saba gani shi ne a juya shi a yi ta matsa masa ciki wai ruwa ya fita, alhali numfashi yake buƙata a hura masa. Uwar da ke tsaye a wurin ba ƙauna ta rasa ba, ba a taɓa nuna mata ba ne.

Da muka zaga muna tambaya, mun ji uzuri iri-iri. Wani ya ce idan kwana ya ƙare babu dabara. Gaskiya ne, amma ba mu ga wanda ya ƙi kai ɗansa asibiti saboda haka ba, kuma babu wanda aka nuna wa ranar. Wani ya ce yana tsoron ya taɓa mutum ya mutu a hannunsa a ɗora masa laifi. Wannan tsoron mun fahimce shi, kuma shi ne ma dalilin neman takardar. Uzurin da ya fi tsaya mana a rai na wani malami ne da ya ce shi fa ba zai iya ɗora hannu a ƙirjin ɗaliba ba. Ba mu yi masa dariya ba. Abin da muka ɗauka daga maganarsa shi ne, in za a yi horon, malamai mata da manyan ɗalibai mata su kasance a sahun gaba, don kada kunya ta ci ran wata.

Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana koyar da taimakon gaggawa, kuma tana da rassa a jihohi. Roƙonmu ga shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai shi ne a gayyato masu horarwa kafin gasar baɗi, ko da ranar Asabar ce guda, a fara da malamin wasanni, masu kula da ɗakunan kwana da masu gadi, a kuma bar ƙofa a buɗe ga iyaye. Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu don masu son a sa sunansu. Wanda ya suma ranar nan ya riga kowa rubuta nasa.