Kagarar Kiristina

Akwai wani dattijo a birnin Wilminton na ƙasar Amurka, wanda kakanninsa daga Suwidin suka zo. Ran nan ya kama hannun jikansa, suka nufi bakin Kogin Kiristina don ya nuna masa kagarar da kakannin nan suka gina.

Da isarsu ya duba gabas, ya duba yamma, ba ganuwa, ba ƙofa. Sai duwatsu a bakin ruwa, da wani dogon ginshiƙi na baƙin dutse wanda mutanen Suwidin suka ba da kyauta a 1938.

Yaro ya ce, "Kaka, ina kagarar?"

Dattijo ya zaunar da shi, ya ce, "A kan duwatsun nan jirage biyu suka sauke mutanenmu a 1638. Suka yi cinikin fili da sarakunan Lenafe, masu ƙasar, suka kafa kagara, suka sa mata sunan sarauniyarsu, yarinya 'yar shekara 11. A 1655 mutanen Holan suka ƙwace ta. A 1664 Turawan Ingila suka karɓe mulki. Sarauta ta tafi, amma manoma ba su tashi ba. Ga majami'ar da suka soma ginawa a 1698 can, har yau tana tsaye."

Yaro ya ce, "To, masu ƙasar fa?"

Dattijo ya sunkuyar da kai, ya ce, "Daga baya aka yi ta tura su yamma, har Okalahoma."

Ya zo ne da alfahari, ya koma gida yana tunani.