Kiran da dawa ke yi a ƙarƙashin ƙasa

Duk wanda ya taɓa noman dawa a Gadarif ya san ƙuduji, ciyawar nan mai kyan fure da mugun aiki wadda Larabawa maƙwabtanmu ke kira buda. A shirin manoma da nake gabatarwa a rediyo, da wuya damina ta wuce ba a bugo waya an yi mini kukansa ba. Abu biyu masu kiran suka fi nanatawa: gonar da ta gaji ita ya fi ci, kuma shekarar da ruwa ya yi wasa ya fi tsananta. Gaskiya suka faɗa, dalilin kuwa yana can inda idon manomi ba ya kaiwa.

A cikin ƙasa akwai wani irin funfuna, dangin naman kaza, wanda ke shiga saiwar shuka ya zauna. Daga nan yake miƙa zaruruwa da suka fi gashi siranta, suna kutsawa inda saiwa ba za ta iya ba, su jawo ruwa da sinadarin fosfaras. Ladansa shi ne sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Albert Frank, shi ya raɗa wa wannan zaman tare suna maikoriza a 1885, kuma yawancin tsirran da ke doron ƙasa da shi suke rayuwa, har da dawa da riɗinmu.

Idan fosfaras ya yi ƙaranci, saiwar dawa takan saki wani sinadari don ta kira abokin nata. A 2005 masana a Japan, cikinsu har da Kohki Akiyama, suka tabbatar da cewa wannan sinadarin ne ke sa funfunan ya yi rassa a kusa da saiwa. Matsalar ita ce irin ƙuduji, wanda ke iya kwanciya fiye da shekara 10 cikin ƙasa, shi ma wannan kiran yake jira kafin ya tsiro. Ka ƙwala wa amininka kira, ɓarawo ya amsa. In aminin ya riga shi isowa, dawa takan rage kiran, kuma gwaji a gonakin Kamaru ya nuna ƙuduji na raguwa. In babu aminin, sai ta yi ta kira.

To, a nan sauyin yanayi ya shigo. Ɗan fari na 'yan kwanaki, funfunan yakan taimaki shuka ta jure. Amma idan fari ya daɗe, ganye ya rufe ƙofofinsa don kada ruwa ya tsere, sukari ya ragu, mai aiki ya rasa lada. Sai kuma a wayi gari a zuba ruwan wata guda cikin 'yan kwanaki. Baƙar lakarmu da ta tsattsage ta kumbura ta riƙe ruwa, iska ta daina shiga, shi kuwa funfuna ba ya aiki sai da iska.

Ni dai ban yarda a ɗora wa sama laifin duka ba. Tun shekarun 1940 da aka fara noman tarakta a Gadambaliya ake sare daji, ana kifa ƙasa da garma kowace shekara, ana tsinka zaruruwan nan, ana maimaita dawa bayan dawa. Funfunan ba ya girma sai a jikin saiwa mai rai, rani kuwa a nan ya fi rabin shekara. Dakwara, wadda ake kira hashab, saiwarta na raye rani da damina, ga ƙaro kuma a kai kasuwa. Dokar gandun daji ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na gonar damina ga itatuwa. Mai karatu, in ka bi hanyar Gallabat, ka duba gonakin da ke gefen titi ka ƙirga da kanka.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 taki da man tarakta suka yi tsada, ga baƙin da suka gudo daga Khartum da Madani, kowa da bakin ci. Shi ya sa idan aka bugo ana tambayar maganin ƙuduji, kafin in miƙa wa malamin gona makirufo nakan tambayi mai kiran: “Baba, yaushe rabon gonar nan da gyaɗa ko wake, kuma dakwara nawa ta rage a gefenta?” Da yawa sukan yi jim, sannan su ce haya suka karɓi gonar, ta shekara ɗaya.