Jita a Hannun Mace: Gardamar da Muke Yi a Sakajiki



Mu mutanen arewacin Zamfara da kiɗa muka tashi. Daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, da wuya ka sami gidan da ba a taɓa sauraren Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ko Kassu Zurmi ba. Mun san kotso da kalangu, mun san kukumar Hassan Wayam, da kuntigin Ɗanmaraya Jos, da gurmin Haruna Uji. Amma ku duba sunayen nan da kyau, duk maza ne. Duk abin kiɗan da ke da tsirkiya, a hannun namiji muka saba ganinsa. Shi ya sa bidiyon wata Ba'abziniya 'yar Nijar riƙe da jita mai lantarki ya daɗe yana tayar da gardama a majalisarmu ta Sakajiki, kuma gardamar ce muka kawo muku yau.

Sunanta Fatou Seidi Ghali, daga wani ƙauye da ake kira Illighadad a wajen Abalak, cikin jihar Tawa. Ƙauyen makiyaya ne, irin waɗanda muke gani da raƙuma suna saukowa kasuwanninmu. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Yayanta ne ke da jita, ita kuwa tun tana yarinya takan ɗauka idan ba ya nan, ta yi ta lalube har hannunta ya faɗa. Daga baya ita da 'yar uwarta Alamnou Akrouni suka kafa ƙungiyar da ake kira Les Filles de Illighadad, wato 'yan matan Illighadad. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da faifansu na farko a 2016, na biyu mai suna Eghass Malan ya biyo baya a 2017, sannan a 2021 aka fitar da wasan da suka yi a gaban jama'a a birnin New York. Sun zaga Turai da Amurka da jita da ƙwarya.

Mu kuwa ta shagon cajin waya ta iso mana, inda ake tura wa mutum waƙoƙi a memori. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, aka rufe kasuwannin mako, abin da ke cikin memorinka shi ne kaɗai abokin hirarka. A wancan zaman ne muka saurare ta fiye da yadda muka taɓa sauraren wani makaɗin jita, kuma a nan majalisa ta rabu.

Kashi na farko su ne masoya Mdou Moctar da Bombino, manyan makaɗan jita na Nijar. Su gudu suke so. Mdou bahago ne, idan ya saki yatsunsa kan tsirkiya sai ka ce sukuwar doki ranar hawan salla, ƙura na tashi, mutane na ihu. Da suka ji Fatou sai suka taɓe baki. Ɗayansu ya ce, “Wagga ɗiya abu guda taka ta maimaitawa, ko ni aka ba kwana bakwai ina iyawa.”

Kashi na biyu suka ce a'a, a yi mata adalci: “Ta yi ƙoƙari, tunda macce ta.”

A ganinmu wannan yabon ya fi waccan sukar ciwo. Wanda ya ce tana maimaitawa, ko ba komai ya kasa kunne ya ji abin da hannunta ke yi. Wanda ya ce ta yi ƙoƙari tunda mace ce, hoton kawai ya kalla. Irin yabon da ake yi wa yaron da ya fara tatata ne, a tafa masa don ya taka, ba don takun ya yi kyau ba. Ba mu taɓa jin an ce Ɗanmaraya ya yi ƙoƙari tunda namiji ne ba. Kuntiginsa aka saurara, aka yanke masa hukunci a kai.

To mu saurari jitar. Gaskiya ne tana maimaitawa. Takan ɗauko ɗan gajeren amo ta riƙe shi, ta yi ta zagayawa da shi, murya na kira wasu muryoyi na amsawa, tafi na tafe, ƙwarya na bugawa a ƙasa. Idan ka yi haƙuri za ka ji cewa zagaye na goma ba daidai yake da na farko ba: ta ƙara ɗan lanƙwasa a nan, ta jinkirta yatsa a can, amma ba ta taɓa sakin gindin kiɗan ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san wannan gwaninta. Taɓarya uku na sauka ɗaya bayan ɗaya, wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, kuma ba a taɓa karo ba. Saurin hannu kaɗai ba ya yin wannan, sai da kunne da natsuwa. Wanda ya ce kwana bakwai sun ishe shi, mun ce ya fara gwada riƙe tafi ɗaya na minti goma bai kauce ba.

Kamar da muke ji tsakanin jitarta da turmi tana da asali. Matan Abzinawa suna da kiɗan da suke kira tende: turmi ne ake ɗaure wa fatar akuya a baki ya zama ganga, mata su kewaye shi suna waƙa da tafi, a gefe a kifa ƙwarya cikin ruwa ana bugawa, maza kuma su zagaya a kan raƙuma. Faifansu na farko ma rabi jita ne, rabi tende zalla. Abin da Fatou ta yi shi ne ta ɗauko kiɗan iyayenta mata ta ɗora shi a kan tsirkiyar jita. Da ta kwaikwayi Mdou, da ta zama ɗaya daga cikin ɗaruruwan samarin Agadas da ke ƙoƙarin yin haka. Da ta tsaya a kan abin da ta gada, sai ta zo da amon da babu mai shi sai ita.

Akwai kuma abin da ya kamata masu cewa tsirkiya ta maza ce su sani. A wurin Abzinawa, abin kiɗa mafi daraja shi ne imzad, mai tsirkiya ɗaya da ake gogawa kamar goge, kuma mata ne ke kaɗa shi. A 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Ashe abin da muke ɗauka dokar halitta ce, al'adarmu ce kawai, kuma tafiyar kwana kaɗan arewa da mu al'adar ta juya. Ko a Amurka inda kiɗan rok ya fito, cikin waɗanda suka fara sa jita mai lantarki ta yi kururuwa akwai mace baƙar fata, Sister Rosetta Tharpe, wadda aka haifa a 1915. Su Elvis Presley da Chuck Berry sun sha daga rijiyarta. Ta rasu a 1973, amma sai a 2018 aka sa sunanta a zauren karrama gwanayen wannan kiɗa. A Mali ma ga Fatoumata Diawara nan da jitarta tana cika manyan dakunan taro. Matan sun daɗe suna kaɗawa, kunnuwa ne ke makara.

Mun san a cikinmu akwai waɗanda ba su yarda da kiɗa ba gaba ɗaya, na mace ko na namiji. Wannan magana ce ta malamai, kuma muna girmama ta. Maganarmu da waɗanda wayarsu ke cike da waƙoƙi ne, amma sai sun ga mace da abin kiɗa suke tuna cewa akwai matsala.

Abin da ya fi damunmu ma ba a Illighadad yake ba, a gida yake. Ƙwaryar da Fatou ta kai har New York, irinta ce iyayenmu mata ke kifawa a ruwa ranar biki da suna. Da ita Barmani Choge ta yi suna daga Funtuwa har ta rasu a 2013, da ita Uwaliya Mai Amada ta yi nata zamanin a Kano. Muna da shantu, muna da waƙar niƙa, da waƙar daɓe, da gaɗar 'yan mata a dandali. Yau injin niƙa ya karɓi aikin dutse, siminti ya kori daɓe, DJ ya karɓe biki. A situdiyo kuma mace takan rera ne kawai, namiji ke zaune gaban fiyano. Abin da ya rage, rashin tsaro ya ƙarasa shi. Wace uwa ce a ƙauyukan Zurmi ko Shinkafi za ta bar 'yarta ta fita gaɗa a farin wata yanzu? Ƙauyuka nawa ne suka watse, tsofaffin da suka san waƙoƙin suna zaune a gidajen 'yan uwa a Ƙaura da Gusau, ba turmi, ba tsakar gida? Ƙannenmu mata da aka haifa cikin shekaru goman nan, da yawansu ba su taɓa jin shantu ba.

Fatou ta sami abin ɗorawa a kan jita ne don tende na nan da rai lokacin da ta tashi. Idan gobe wata yarinya a Sakajiki ta sami abin kiɗa a hannu, jita ne ko fiyano, me za ta ɗora a kai in ba kwaikwayon waƙar Indiya ba?

Don haka roƙonmu a wannan mako ƙarami ne. Duk wanda ke da kaka ko gwaggo ko inna da ta san waƙar niƙa, ko ta daka, ko ta reno, ya zauna kusa da ita, ya nemi izininta, ya ɗauka a waya. Ya tambaye ta wurin wa ta koya, kuma a wane gari. Ko ba a sa a intanet ba, a ajiye wa 'ya'yan gidan. Za ta yi dariya ta ce me za ku yi da shirmen tsofaffi, ku dai lallashe ta.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Nijar baki ɗaya, Ya mai da kowa gidansa. Sai mun ji daga gare ku.