Halin babur ne ko sakacinmu?

A hutun da ya gabata na je gida Rimaye, sai ta'aziyya ta kama ni a Kankia. Na ari babur ɗin ƙanena, irin mai faifan birki a tayar gaba. Da ya miƙo mini makulli sai ya ce, "Yaya, birkin gaban yana da hali, sai ka matsa sau biyu ko uku kafin ya kama." Na yi murmushi, na goya ɗana mai shekara tara, muka kama hanya.

Ba mu yi nisa ba wani maraƙi ya ɓalle daga garke ya faɗo tsakiyar hanya. Na matsa birki, sai hannun birkin ya shige har ya danne mini yatsu, babur kuwa bai rage gudu ba. Babu damar matsawa ta biyu, balle ta uku. Birkin baya na taka, taya ta ja ƙasa, muka tsaya dab da maraƙin. Har yau ina jin yadda yaron ya ƙanƙame rigata.

Da muka isa Kankia na tsaya wurin wani matashi mai gyaran babura. Ya buɗe ɗan ƙoƙon man birki, ya nuna mini. Man da ya kamata ya zama garai-garai ya koma baƙi wuluk. Ya ce, "Malam, yaushe rabon da a canza wannan?" Na buga wa ƙanena waya, ya ce tun da ya sayi babur ɗin, shekara huɗu ke nan, bai san ma ana canza shi ba. Baƙin mai kuwa ba ya saɓa lokacinsa.

Kunya ta kama ni, domin bayanin ba baƙo ba ne a wurina. Tun a sakandare aka karantar da mu ƙa'idar Blaise Pascal, masanin nan na Faransa da ya rasu a 1662: idan aka danna ruwan da ke rufe cikin bututu, ƙarfin dannawar yana isa ko'ina cikinsa. Da haka yatsu biyu ke tsayar da babur. Amma iska tana matsuwa, don haka idan kumfa ya shiga bututun, ƙarfin hannunka a kan kumfan yake ƙarewa. Sannan man birki yana tsotsar laima daga iska. Sabon mai samfurin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen digiri 155, kuma da zarar ya tafasa tururi ne ke cikin bututun. Shi ya sa galibin kamfanonin babura ke cewa a canza shi duk bayan shekara biyu.

Matashin ya zuƙe tsohon man, ya zuba sabo daga kwalbar da ya ɓare a gabana, ya ce wadda ta daɗe a buɗe ta riga ta sha iska. Ya saƙala siririn tiyo a ɗan notin da ke jikin birkin taya, ya jefa ɗaya bakin cikin gora. Daga nan ya ba ni aiki. "Malam, matsa. Ƙara. Riƙe, kada ka saki." Sai ya sassauta notin da sifana, baƙin ruwa da kumfa su fito, ya ɗaure, sannan ya ce in saki. Idan na saki kafin ya ɗaure, iska za ta koma ciki. Haka muka yi ta maimaitawa, yana ƙara mai don kada ƙoƙon ya bushe, har tiyon ya daina fitar da kumfa. Da na sake matsawa sai na ji birkin ya tsaya ƙyam. Ko rabin sa'a aikin bai ci ba.

A hanyar komawa maganar ƙanena ce ta riƙa dawo mini. Ba ɓoye lahanin ya yi ba. Ya san da shi, ya saba da shi, har ya raɗa masa suna "hali". Ni ma da na ji, ban ce a tsaya a duba ba, na ɗora ɗana na tafi. Fetur da baƙin mai muna kula da su domin in babu su tafiyar ba za ta yiwu ba. Shi kuwa man birki, tun da babur yana tashi ko da ya lalace, sai mu bar shi sai ranar da maraƙi ya tsallako.

Yawancin baburan ƙauyukanmu birkin waya gare su, ba su shan mai, amma masu faifai suna ƙaruwa a hannun matasa da ma'aikata. Duk mai irinsu ya leƙa ƙoƙon nan a yau, ya karanta samfurin da aka rubuta a murfinsa, kada kuma ya yarda a zuba masa baƙin mai a ciki, domin yana kumbura robobin birki. In kuwa aka ba ka aron babur aka ce yana da hali, ka tambaya a ina halin yake kafin ka goya ɗanka. Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu.