Hoton ganye bai son kwalliya da yawa

'Yan uwa marubuta, yanzu kusan kowa sai ya haɗa waƙarsa ko labarinsa da hoton fure ko ganye, kuma mafi yawan hotunan an cika su da gyara har tsiron ya fita daga kamanninsa.

Ku duba tafasa da rai-ɗore. Da damina, daga Anka zuwa Bukkuyum har fadamun Gummi, gefen hanya cike yake da su, duka biyun furensu rawaya. Ganye ne ke raba su: na tafasa shida ne a kowane sili, bakinsu a zagaye, na rai-ɗore kuwa bakinsu da tsini. Tafasa ake kwaɗo da ita, 'ya'yan rai-ɗore kuma suna cutar da dabbar da ta ci su da yawa. Idan mai gyara ya tura bambancin haske da duhu har ƙarshe, ganyen ya koma baƙin dunƙule, to ya goge abin da mai kallo zai gane tsiron da shi. Ni ina ganin wannan ya fi rashin kyan hoto muni.

Gyara ba ya dawo da saitin da ya kuɓuce tun wajen ɗauka. Kada ka kusanta wayar fiye da faɗin tafin hannu, taɓa allon daidai kan ganyen, ka jira iska ta lafa. Hantsi ya fi tsakar rana, domin ranar azahar tana ƙone fari ta zurfafa inuwa. Baƙin ƙyalle a bayan furen yana fito da shi fiye da kowace manhaja.

A Snapseed nakan fara da rage hasken wuraren da suka yi fari fat, sannan na ɗaga inuwa kaɗan har jijiyoyin ganyen su bayyana. Bayan nan ne nake ƙara bambancin haske da duhu, shi ma a kan ganyen kaɗai, bayan hoton na bar shi dishi-dishi. Kaifi shi ne na ƙarshe, kuma da zarar farin zare ya fara zagaye gefen ganye, na san ya wuce kima, sai na ja baya.

Lokacin hunturu ƙura kan sa hoto ya yi fari-fari. Kafin ka zargi hazo, goge gilashin kyamarar da gefen rigarka. Furen tumfafiya kuma kada ka ƙara masa launi, shunin da ke bakinsa dama ba mai ƙarfi ba ne.