Ranar da na yi wa yaro gemun auduga a Japan

'Yar uwa, kin taɓa riƙe takardar da aka aiko daga makarantar ɗanki, kina kallonta ba ki gane ko harafi ɗaya ba? Ni kusan kullum haka nake. Shekarata uku ina koyar da Turanci a wata ƙaramar makarantar yamma kusa da Nagoya a ƙasar Japan, amma har yau in 'yata ta kawo takarda sai na ɗora mata kyamarar waya kafin in san abin da ake so.

A ƙarshen Oktoba makarantu irin tamu kan shirya wa yara bikin Halowin, wanda ranarsa 31 ga wata. Asalinsa daga Ailan da Sikotilan ne, Amurkawa suka yayata shi, Japanawa kuwa shigar da alawar kawai suka ɗauka. Tun Satumba shagunan yen 100 irin su Daiso ke cika da hulunan mayu da kabewar roba. Ba zan ɓoye miki ba, na ja ƙafa. Na ce wa shugabarmu ni ba zan yi shigar fatalwa ba. Ta ce ba komai, in tsaya ƙofa in karɓi yara, in kula da jakunkunan alawa. Wannan ma aiki ne, don kowace jaka da sunan mai ita, saboda yaran da jikinsu ba ya karɓar ƙwai ko madara ko gyaɗa. Ni ce kuma na raba takardar gayyata, cikin Japananci zalla.

Yara suka fara shigowa, wannan gimbiya, wancan Pikachu, Spider-Man har guda huɗu. Can sai ga wani ɗalibina ɗan shekara shida, cikin kayansa na kullum, jaka a baya. 'Yan Brazil ne, irin waɗanda suka cika jihar Aichi suna aiki a masana'antun kayan mota. Mahaifiyarsa ta sauke shi ta wuce aikin dare. Ya leƙa ɗakin, ya dubi rigarsa, ya koma bayan akwatin ajiye takalma ya tsugunna. Bai yi kuka ba, kuma wallahi da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Nan take na gane abin da ya faru. Uwar ba ta iya karanta takardar ba. Ni da ke fama da wannan ciwon a gidana, ni ce na miƙa mata ita ban yi tunanin komai ba.

Sai tashe ya faɗo mini a rai. Kin tuna yayyenmu maza in azumi ya kwana goma? Wa ya taɓa saya musu kaya? Auduga ce da tsumma da tsohuwar rigar baba. Na buɗe akwatin magani na kwaso auduga, na liƙa masa gemu da gira da filasta. Ƙaramin matashin kujera ya shiga bayan riga ya zama doro, mayafin da nake ajiyewa a jaka ya zama rawani, sandar mofa ta zama dogara. Na nuna masa yadda tsoho ke tafiya yana tari yana riƙe ƙugu.

Da farko ya noƙe. Da ya ga kansa a madubi sai ya gwada tarin. Yana shiga ɗakin ya tsawatar wa Spider-Man guda da sandarsa, yara suka kwashe da dariya, suka bi shi a baya kowa na ɗingishi. Wasan neman alawa ƙofa-ƙofa da na kwana biyu ina tsarawa ya watse, ban kuma damu ba.

Mako na gaba mahaifiyarsa ta zo da mayafina, an wanke an goge, cikin leda. Ba ta jin Turanci, ba na jin Fotugis, Japanancinmu duka gurgu ne. Ta nuna mini hotonsa yana barci da gemun, wai ya ƙi a cire. Ni kuma na miƙa mata takardar bikin Disamba, wadda na zauna da waya na juya zuwa Fotugis, na zana hula da agogo a gefe. Ta karanta, ta yi dariya, ta karɓi birona ta gyara mini kalma biyu.